Magani bayan ritaya: yadda ake sauya asusun lafiya ba tare da an bar giɓi ba

Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, abu biyu ne suke canzawa. Albashi ya koma fansho, wanda bai kai albashi ba. Sannan hanyar da ake biya masa kuɗin magani, idan yana da ita, tana iya yankewa. Mutane sukan yi wa na farko tanadi tun da sauran shekaru. Na biyun kuwa, da yawa ba sa tunawa da shi sai sun tsaya a tagar biyan kuɗi ta asibiti, an ce musu katin da ke hannunsu ya daina aiki.

Wannan bayani na tsofaffin ma'aikata ne na Hamdara da sauran garuruwan ƙasar Damagaram, da ƴaƴansu masu karanta musu takardu. Zai amfani manomi da ɗan kasuwa ma, idan suna cikin wani asusun lafiya kuma suna tunanin barin sa zuwa wani.

Fansho daban, magani daban

A Nijar hukumomi biyu ne suke biyan yawancin fansho. Ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyi suna ƙarƙashin asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965. Ma'aikatan gwamnati kuma suna ƙarƙashin CARENI, wadda aka kafa da dokar 2012 domin ta karɓi aikin tsohon asusun fansho na ƙasa.

Aikin CNSS kashi uku ne: kuɗin taimakon iyali, diyyar haɗari ko cutar da aiki ya jawo, da fansho na tsufa, na naƙasa da na magada. Tana da wuraren duba marasa lafiya a wasu manyan birane, amma kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashinku ba na inshorar rashin lafiya ba ne. Wanda ya yi aiki a kamfani yana zuwa asibiti da kati, yawanci kamfanin ne ya sayi inshora ta jimla wa ma'aikatansa. Irin wannan inshora tana bin aiki. Idan suna ya fita daga jerin ma'aikata, ya fita daga jerin masu kati, shi da matansa da ƴaƴansa.

Ma'aikacin gwamnati ya saba da takardar ɗaukar nauyi, wadda ke sa gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin kwanciya da na bincike a asibitocinta. Bayan ritaya, ofishin da ke ba da takardar da takardun da ake nema suna iya canzawa. Ku je wurin masu biyan fansho ku tambaya tun kafin ciwo ya zo, ku rubuta amsar. Haka nan masu aikin da ke da asusun taimakon juna na ma'aikatarsu: wasu asusun suna riƙe mamba bayan ritaya muddin yana ci gaba da zubi, wasu kuma suna sallamar sa. Amsar tana cikin dokokin asusun, ba a bakin abokan aiki ba.

Me ake nufi da asusun lafiya?

Asusun lafiya, wanda ake kira mutuwel, ƙungiya ce ta mutanen da suka yarda su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan suna da lafiya, domin a biya wa wanda ciwo ya kama daga cikinsu. Mambobi ne masu shi, su ne suke zaɓen shugabanni, kuma ba a kafa shi don riba ba. Ya bambanta da adashe. A adashe kowa yana da ranar kwasa. A asusun lafiya, wanda shekara ta wuce bai yi ciwo ba ba ya karɓar komai, kuɗinsa ya yi wa wani magani. Wanda bai fahimci wannan tun farko ba shi ne yake fita da fushi a ƙarshen shekara.

Nijar tana da doka a kan irin waɗannan asusu tun 2008, kuma a 2009 ƙasashen UEMOA, masu amfani da kuɗin sefa, suka yi ƙa'ida ɗaya da ta shafe su duka. Kamfanin inshora kuwa ɗan kasuwa ne, yana sayar da kariya don ya sami riba, kuma yana bin dokar CIMA, wadda ƙasashen Afirka 14 suke aiki da ita bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992.

Amfanin biya tun kafin ciwo abu ne da aka gwada a ƙasar nan. A 1993, kafin a fara karɓar kuɗin magani a ƙananan asibitoci na ƙasa baki ɗaya, an yi gwaji a gundumomi biyu. A Sayi, marar lafiya yana biya ranar da ya zo: babba dala 40, yaro dala 20. A Boboye kuwa an ƙara dala 40 a kan harajin shekara na kowane mai biyan haraji, sannan ranar ciwo babba ya ba da dala 10, yaro dala 5. Masu zuwa asibiti sun ƙaru sosai a Boboye, musamman talakawa. Duk da haka, bayan dokar 1995 hanyar biya ranar ciwo ce ta bazu a ƙasa. Asusun lafiya ƙoƙari ne na komawa ga dabarar Boboye, amma da yardar mutum, ba da haraji ba.

Lokacin rajista da lokacin jira

Nan ne wurin da ake yawan yin tuntuɓe, don haka a karanta shi a hankali.

Babu asusun da zai rayu idan mutane suna shiga ranar da suka kwanta ciwo, su fita ranar da suka warke. Kuɗin zai ƙare cikin ƴan watanni. Saboda haka masu asusu da yawa suke kare kansu da ƙofofi biyu.

Ta farko ita ce lokacin rajista. Ana buɗe shi na ƴan makonni ko watanni a shekara, a cikinsa ne ake shiga, ake sabuntawa, ko ake sauya tsari. A Amurka, inda aka kafa inshorar tsofaffi mai suna Medicare a 1965 domin masu shekara 65 zuwa sama, ana buɗe ƙofar sauyi daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, sabon zaɓi kuma ya fara aiki 1 ga Janairu. Wanda ya yi jinkirin shiga ɓangaren ganin likita ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na zubi a kan kowace shekarar da ya makara. A Nijar doka ba ta sa wa kowa rana ɗaya ba. Kowane asusu da nasa lokaci. Na karkara sukan so lokacin kaka, sa'ad da gero da wake da gujiya suka shigo gida kuma akwai kuɗi a hannun mutane. Na ma'aikata da na kamfanoni sukan bi shekarar takarda, daga Janairu zuwa Disamba.

Ƙofa ta biyu ita ce lokacin jira. Bayan kun yi rajista kun fara zubi, sai an ɗauki wani lokaci kafin asusu ya fara biya muku. Yana iya zama wata ɗaya, wata uku, ko fiye, kuma na tiyata yakan fi na ganin likita tsawo. A cikin waɗannan watanni kuna biya, amma idan ciwo ya zo daga aljihunku za ku yi magani.

Yanzu a haɗa ƙofofin biyu. A ɗauka tsohuwar kariyarku za ta ƙare 31 ga Disamba, sabon asusun kuma yana da jiran wata uku. Idan kuka bari sai Janairu kuka yi rajista, to Janairu da Fabrairu da Maris ba ku da kowa. Watannin sanyi da hazo ke nan, lokacin tari da ciwon ƙirji, waɗanda ba sa yi wa tsoho da sauƙi. Idan kuna so sabon kati ya fara aiki 1 ga Janairu, sai kun yi rajista kun biya tun farkon Oktoba. Ma'ana, wata uku za ku yi kuna zubi wuri biyu. Mutane da yawa suna ganin wannan asara ce. Ba asara ba ce: zubin wata uku bai kai kuɗin kwana biyu a gadon asibiti da ƙarin ruwa da allurai ba.

Akwai asusun da ke yafe lokacin jira ga wanda ya zo kai tsaye daga wani asusu, idan ya kawo shaida cewa bai taɓa yanke zubi ba. Ba a faɗa wa mutum wannan sai ya tambaya. Kafin ku bar tsohon wuri, ku nemi takarda mai hatimi da ke nuna ranar da kuka shiga da watan ƙarshe da kuka biya.

Fita ma tana da ƙa'ida

Daina biya ba shi ne fita ba. Yawancin yarjejeniyoyin kamfanonin inshora na shekara ɗaya ne, kuma suna sabunta kansu idan ba a ce komai ba. A dokar CIMA, ƙa'idar gama-gari ita ce mai son fita ya aika wasiƙa mai rajista aƙalla wata biyu kafin ranar ƙarewa. Amma dokar ta bar wa inshorar rashin lafiya ta mutum ɗaya damar sa wani wa'adi daban, don haka sai an duba abin da aka rubuta a takardarku. Idan wata biyu ne, kuma shekara tana ƙarewa 31 ga Disamba, wasiƙa ta fita kafin ƙarshen Oktoba. Ku riƙe rasit ɗin gidan waya.

Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011, kamfanin inshora ba ya fara kare mutum sai ya biya kuɗin. Alkawarin wakili cewa "ku kawo daga baya" ba ya tsayawa a gaban asibiti.

A mutuwel abin ya fi sauƙi: wasiƙa zuwa ga shugaban asusu, da biyan bashin zubi idan akwai. Kuɗin shiga da kuka biya tun farko ba a cika mayar da shi ba, haka ma zubin da ya wuce.

Tambayoyin da suka dace da mai shekaru

Matashi yana neman asusun da zai biya masa zazzaɓin cizon sauro da haihuwar matarsa. Buƙatar mai shekara 60 daban take. Hawan jini, ciwon sukari, yanar ido, ƙaba, wahalar fitsari, ciwon gaɓoɓi: waɗannan ko dai magani ne na kowace rana har ƙarshen rai, ko kuma tiyata ce mai tsada sau ɗaya. Yawancin ƙananan asusu an gina su ne a kan ciwon da ke zuwa ya wuce. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: kuna biyan maganin ciwon da ba ya warkewa? Ku tafi da kwalayen maganin da kuke sha, ku nuna su ɗaya bayan ɗaya. Idan an ce ana biyan maganin hawan jini, ku tambaya ko wanda ke hannunku ne, ko kuwa wanda ke cikin jerin magungunan gwamnati kaɗai. Idan na jerin ne, likitanku zai gaya muku ko za a iya musanya shi. Kada ku musanya da kanku.

Sai maganar shekaru. Wasu kamfanoni ba sa karɓar sabon mutum da ya haura wasu shekaru, wasu suna karɓa amma da ƙarin kuɗi, wasu kuma suna cire cutar da aka shigo da ita. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata tsoho ya saki asusun da ya daɗe a ciki da gaggawa ba. Inda kuka shekara 20 kuna zubi, an san ku da ciwonku. Idan kuka fita kuka dawo, a matsayin sabon mamba za a karɓe ku, idan ma an karɓa.

Idan an ba ku takardar tambayoyi a kan lafiyarku, ku faɗi gaskiya. Dokar CIMA ta ce wanda ya ɓoye ciwo da gangan, yarjejeniyarsa ta rushe, kuma kuɗin da ya riga ya biya ya zama na kamfani.

Tambaya ta gaba ita ce wurin magani. Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ƙaramin gidan lafiya na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma, sai manyan asibitoci. Ga mutumin Hamdara, hanyar tana bi ta CSI zuwa Mirriya, daga nan zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder. Asusun da ya tsaya a CSI zai biya ƙananan abubuwa, ya bar ku a daidai inda kuɗi ke fara yawa. Wanda kuma ya ƙulla yarjejeniya da asibitocin Yamai da kantunan maganinta kaɗai, yana da amfani ga wanda ya zauna a Yamai. Ma'aikata da yawa suna komawa garinsu bayan ritaya da kati mai kyau a aljihu, wanda babu mai karɓar sa a duk faɗin gundumar. Ku nemi jerin asibitoci da kantunan magani a rubuce. In da hali, ku je kantin da kansa ku tambaya ko har yanzu suna karɓar katin, domin idan asusu ya tara musu bashi sukan daina ba tare da sanarwa ba.

Ku kuma tambayi kuɗin motar asibiti, da ko sai da takardar turawa daga CSI ake biya a babban asibiti. Masu zuwa neman magani Kano ko Katsina su sani cewa katin Nijar ba ya aiki a can sai in an rubuta haka.

Game da iyali: mata nawa da ƴaƴa nawa kati ɗaya yake ɗauka, har zuwa shekara nawa? Jikokin da ke hannunku fa? Kuma idan mai kati ya rasu, matarsa za ta ci gaba, ko katin ya mutu tare da shi? Wannan tambaya tana da nauyin faɗi, amma gara a yi ta.

Mai arha ba shi ne mai sauƙi ba

Ga misali. Alƙaluman na koyo ne kawai, ba farashin wani asusu ba ne.

Dattijo yana sayen maganin hawan jini na jikka 5 a wata, wato jikka 60 a shekara. Asusu na farko yana karɓar jikka 6 a shekara, amma ba ya biyan irin wannan magani. Abin da zai fita daga aljihunsa: 6 da 60, jikka 66. Asusu na biyu yana karɓar jikka 15, yana biyan kashi 70 cikin 100 na maganin, wato jikka 42, saura 18 a kansa. Jimla: 15 da 18, jikka 33. Mai tsadar ya zama rabin mai arha.

Amma akwai abin da ake kira iyakar biya, wato adadin da asusu ba ya wucewa ga mutum ɗaya a shekara. Idan iyakar asusu na biyu jikka 30 ce, to 30 ɗin kaɗai zai biya, dattijo ya cika 30, ya haɗa da zubin 15, ya zama jikka 45. Har yanzu ya fi na farko, sai dai idan tiyata ta taso a wannan shekara babu sauran komai a asusun dominsa. Ku yi irin wannan lissafi da rasit ɗinku na bara. Wanda ba ya ajiye rasit, ya fara daga yau.

Ku duba kuma yadda ake biya. A wani asusu kuna ba da kasonku kawai a asibiti, asusu ya biya sauran. A wani kuwa sai kun biya duka, sannan ku kai takardu a mayar muku. Ga mai jiran fansho, bambancin yana da girma.

Abin da gwamnati ta sauƙaƙa

Tun 2005 da 2006 Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a matsayin kyauta. Wannan ya shafi jikokinku da surukanku, bai shafi ciwon tsufa ba. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya: Senegal ta fara shirin magani kyauta ga masu shekara 60 a 2006, Gana ta yafe wa masu shekara 70 zubin inshorar ƙasa, Mali kuma ta sa ƴan fansho cikin inshorar dole da ta kafa a 2009.

A watan Agusta na 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin ganin likita, kwanciya, bincike da tiyata a asibitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba na wannan shekara. Ta kuma soke jikka 150 da ake karɓa kafin a fara yi wa mutum wankin ƙoda. Ragin ya taimaka ƙwarai, amma maganin da ake saye a kantin waje bai shiga ciki ba, kuma shi ne yake cin kuɗin mai hawan jini da mai ciwon sukari. Idan kasonku a asusu kashi ne cikin ɗari, ku tabbata a kan sabon farashi ake lissafa shi.

Wasu dattawa sukan tambayi matsayin wannan a addini. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakon juna, ta halatta ta biyun. Mutuwel a tsarinsa na taimakon juna ne. Mai shakka ya kai dokokin asusun ga malamin da ya yarda da shi.

Idan ƙofa ta riga ta rufe

Wanda ya makara ya je ya tambaya duk da haka. Wasu asusu suna buɗe wa mutum ƙofa a tsakiyar shekara idan yanayinsa ya canza, kamar ritaya, ƙaura ko rasuwar mai kati, amma na ƴan makonni kawai daga ranar da abin ya faru. Ku tafi da takardar ajiye aiki, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwa na iyali da hotuna.

Idan ba a karɓa ba, ku ware kuɗin zubin da kuka yi niyya, ku ajiye shi a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa, har lokacin rajista ya zagayo. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya dakata ko ya rage saboda kati ya yanke, domin sau da yawa hawan jini ba ya ba da alama kafin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ku gaya wa ma'aikacin CSI halin da kuke ciki, ya rubuta muku irin maganin da ke cikin jerin gwamnati, wanda ya fi arha. Sannan ku sa ɗanku ko jikanku ya rubuta ranar buɗe rajista ta baɗi a bangon littafin fansho, tare da wata ranar da ta riga ta da wata uku.